Sanusi, koma ka leƙa takardarka

Ɗana Sanusi,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da kawunka da mutanen gidansa. Mu nan Tasawa lafiya lau, sai zafi.

Innarka ta faɗa mini yau kwana ashirin ke nan da ka ajiye dosiyenka na neman aiki a kamfanin nan, kana zaune a ɗaki a unguwar Zariya, salula a hannu, kana jiran kira. Da ta ce ka je ka leƙa, wai ka ce kada a ɗauke ka maroƙi. Haba Sanusi! Wa ya taɓa shuka gero ya ƙi komawa gona don kunyar ƙasa?

Shekara 19 na yi ina karɓar takardun mutane a wani biro can Maraɗi, kafin ka yi wayo. Ranar rufe karɓa, ambulan sukan kai mini gwiwa. Mukan ɗaure su da roba mu jibge bisa kabad. Wata damina rufin ya yi yoyo, na sama suka jiƙe sharkaf, tawada ta narke, hotuna suka manne da juna. Yaro ɗaya ne ya dawo tambaya. Muka duba tare, ya ga abin da ya sami tasa, ya ruga ya kawo sabuwa kafin azahar. Sauran suna gida suna cewa an yi musu son kai, alhali ko sunansu ba a iya karantawa ba.

Ka je Talata ko Laraba da hantsi. Litinin manya suna taro, Juma'a kuwa aikin rabin yini ne, hankalin kowa na masallaci. Riƙe 'yar takardar shaidar da suka ba ka, mai lamba da kwanan wata. Gai da maigadi da kyau, haka ma sakatare, don su suka san inda kowace takarda ta kwana. Ka ce: "Ranka ya daɗe, na ajiye takardu ran kaza, na zo in ji ko sun cika, da kuma yaushe za a ji sakamako." Aka ba ka amsa, yi godiya ka fito, kada ka kafa zama bisa benci.

In shiru ya kai kwana goma, tura saƙo ɗaya a rubuce, da rana. Ban da saƙon murya, ban da kira bayan magariba. Daga nan ka ƙyale su, ka ci gaba da bin sanarwar ANPE, hukumar samar da aikin yi. Wanda duk ya ce ka ba da na goro ya tura maka takarda gaba, ce masa za ka yi shawara da babanka.

Duba kasiyenka na kotu, takardar nan mai nuna ba ka da laifi, in ya wuce wata uku ba a karɓa. Na aiko maka jika biyar ta kamfanin aika kuɗi na Nita, kuɗin kabu-kabu da fotokwafi. A wanke farar rigar nan a goge, ka kira ni ran Laraba da dare.

Mahaifinka