Lamiri daban, son zuciya daban

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na saurari shirinku na makon jiya a kan addini da zaman tare, kuma maganar mutum biyu da suka bugo waya ta hana ni sakat. Na farko ya ce mu Katolika mun miƙa wa Fafaroma hankalinmu, abin da ya faɗa shi ke nan. Na biyu, da ya ce shi ma Katolika ne, ya amsa cewa lamirinsa, wato muryar zuci mai rarrabe daidai da kuskure, shi kaɗai yake bi, koyarwar Ekklesiya, wato Cocin Katolika, ba ta dame shi ba. Shekara 19 ke nan ina koya wa yara katekism, wato tushen koyarwar addininmu, a nan Jos, kuma ko ɗaya cikin mutanen nan biyu bai faɗi abin da muke koyarwa ba.

Gaskiya ne Fafaroma da bishop-bishop suna da ikon koyar da mu halal da haram, kuma ba ma ɗaukar maganarsu kamar hirar teburin mai shayi. Amma babban taron Vatican na biyu, da aka rufe a 1965, ya kira lamiri wuri mafi ɓoye a cikin mutum, inda yake shi kaɗai da Allah. Katekism ɗin da Fafaroma John Paul na biyu ya fitar a 1992 ya ce dole mutum ya bi hukuncin lamirinsa idan ya tabbata da shi. Sai dai ya ƙara da cewa lamiri yana iya kuskure, kuma wanda bai damu ya nemi sani ba, laifin yana wuyansa.

Ni ba a takarda na fara gane wannan ba. A rikicin Satumban 2001, maƙwabcinmu tela, Musulmi, ya shigo gidanmu da matarsa da yara uku, babanmu ya sa su a uwar ɗaka. Da yamma samarin unguwa suka zo da sanduna. Sun san mutanen suna ciki, sun kuma san an kashe ɗan ƙanwar Baba da safiyar ranar, shi suka yi ta tuna masa. Babu Fada, wato limamin cocinmu, a wurin, babu malamin katekism, ko waya babu a gidanmu. Baba kafinta ne, bai wuce firamare ba. Abin da yake da shi kawai shi ne abin da ya ji tun yana yaro a majami'a: ba a zubar da jinin marar laifi, ba a kuma yin mugunta wai don alheri ya fito. Ya tsaya a bakin ƙofa har suka gaji suka tafi. Bayan shekaru ya gaya mini cewa a daren nan zuciyarsa ramuwa take so ƙwarai. Da abin da ransa yake so ya kira lamiri, da ya buɗe ƙofar.

Shi ya sa labarin Imam Abubakar Abdullahi, wanda ya ɓoye ɗaruruwan mutane, yawancinsu Kirista, a masallaci da gidansa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi a 2018, ya sa ni hawaye. Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa Allah ya rubuta shari'arsa a zukatan mutane, lamirinsu yana shaida.

Ina da kuka kuma ga shugabanninmu. Tun 1968 Fafaroma Paul na shida ya tabbatar da cewa Ekklesiya ba ta yarda da magungunan hana ɗaukar ciki ba, na kuma karɓi wannan koyarwa. Amma na ga uwa mai 'ya'ya shida, da likita ya gargaɗe ta a kan wata haihuwar, ta je neman shawara aka sallame ta da "haramun ne", ba a zauna da ita da mijinta ba, ba a nuna musu dalili ko hanyar lissafin kwanaki da Ekklesiya ta amince da ita ba. Ta daina tambaya, daga baya ta daina zuwa. Fafaroma Francis ya rubuta a 2016 cewa an kira shugabannin Ekklesiya su gina lamirin mutane, ba su maye gurbinsa ba.

Roƙona, Malam Edita, ku sake ɗauko wannan batu. Ku gayyato malami daga makarantar horar da Fada-fada ta St Augustine da ke nan Jos, da limami ɗaya, ku ba su lokaci isasshe, ku kuma bar layi a buɗe don mata su yi tambaya.

Taku mai sauraro,
Wata malamar katekism daga Tudun Wada, Jos