Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Maganar Asusun Maraɗi da Kuɗin Wata-wata

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa.

Ga rahoton da aka ɗora wa sakataren ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Kano masu sayo kaya daga Nijar ya gabatar duk ƙarshen shekara. Na fitar da shi tun kafin ranar taro, don kada wani ya zo ya ce ji ya yi a bakin mutane.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na watan azumi da aka ɗage. Gaisuwar mutuwa, suna da dubiya duk an je, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Kuɗin ƙungiya

Da wannan zan fara, domin duk abin da ya tsaya a bana nan ya tsaya. Lissafi dalla-dalla yana hannun Ma'aji, kowa yana iya zuwa ya duba sunansa. A taƙaice, waɗanda suka biya kuɗinsu na wata goma sha biyu cif ba su kai rabinmu ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin a rufe boda a 2023. Na bi mutane rumfa-rumfa. Na buga waya har wasu sun daina ɗauka idan suka ga lambata. Wani ya hango ni daga nesa ya faɗa masallaci, alhali ko azahar ba a kira ba. Ana cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to ni ko ladan ban ci ba, askin kawai nake yi, kuma katin wayar daga aljihuna yake fita.

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ban ce ƙarya ba ne. Tun watan Oktoban 2024 da gwamnatin Nijar ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, masu harkar wake a cikinmu sun ji jiki. Su na ɗaga musu ƙafa, kwamiti ma ya sani. Amma masu aya da riɗi ba su daina lodi ba. Muna kasuwa ɗaya, muna ganin motar kowa idan ta shigo.

Maganar asusu

Kun tuna abin da ya haifar da wannan magana. Ɗan'uwanmu da aka tare a hanyar Jibiya da kuɗin kaya a jikinsa, Allah ya sa ya tsira da ransa, amma jarin ya tafi. A taron da ya biyo baya kowa ya tashi ya ce a daina yawo da tsabar kuɗi, a buɗe asusun sefa a Maraɗi. Aka ce sakatare da Ma'aji su bincika. Har da masu cewa ai wannan aikin mako biyu ne, tunda Maraɗi gida ce.

Maraɗi gida ce a wajen zumunci da aure da ciniki. A wajen banki kuwa wata ƙasa ce, mai wani babban banki da wata doka. Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, amma tana nan cikin ƙungiyar ƙasashe 8 masu kashe sefa, kuma bankunanta suna bin ƙa'idar babban bankinsu, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. A idon wannan ƙa'ida, duk wanda mazauninsa da harkarsa suke Najeriya baƙo ne, ko da kakarsa 'yar Madarumfa ce. Asusun da za a buɗe masa na baƙo ne, kuma na baƙo yana da nasa sharuɗɗa daban da na ɗan gari. Wannan shi ne abin da ya ɗauke mu wata da watanni kafin mu fahimta, domin duk wanda muka tambaya a waya abin da ya ga dama yake faɗa. Daga ƙarshe Shugaba ya ce gani ya kori ji, a shirya a tafi.

Tafiyar Maraɗi

Idan akwai abin da zan ɗaga kai in yi alfahari da shi a bana, wannan tafiya ce. Bayan ƙaramar Sallah muka tashi, mutum 7 a mota biyu, cikin zafin nan na bazara. Muka bi ta Katsina, muka wuce Jibiya, muka tsallaka zuwa Ɗan Issa, kafin la'asar muna cikin gari. Kowa kuɗin motarsa ya biya, ƙungiya man fetur na mota ɗaya kaɗai ta iya ɗauka. Na faɗi haka ne saboda masu cewa yawon shan iska muka je da kuɗin jama'a.

Mai masaukinmu, dattijon nan da yawancinku kuka sani, wanda iyayen wasunmu ma a gidansa suke sauka, ya yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Ya yanka rago. Fura kuwa sai da muka ce a bari haka. Bayan magariba ya tara mana manyan 'yan kasuwar da muke hulɗa da su, har da waɗanda suka taso daga Tasawa don mu kawai, ya kuma gayyato wani amininsa da ya yi ritaya daga aikin banki. Wannan bawan Allah ya zauna da mu a tabarma har dare ya raba, yana warware mana magana da Hausarsa irin ta Katsinawa, ba tare da ya karɓi ko dala ba. Na ce dala, sai na tuna dariyar da aka sha. Yana cewa kuɗin kula da asusu 'yan jikkuna ne a wata, sai ɗaya daga cikinmu ya ce ai wannan kyauta ne, domin shi jakar Kano yake lissafi, naira 200. Jikka a can sefa 1,000 ce. Sai da aka yi masa lissafi da canjin Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, sannan ya gyara zama.

Abu uku ya faɗa mana da nake so kowa ya riƙe. Buɗe asusun kansa kyauta ne, tun Oktoban 2014 babban bankinsu ya hana karɓar kuɗi a kan buɗewa da rufewa, sai dai asusun kasuwanci ana cire masa kuɗin kulawa. Na biyu, asusun baƙo ba a cin bashi a kansa, abin da ke ciki shi za ka taɓa. Na uku shi ne ya sa wurin ya yi tsit: ba a zuba tsabar sefa a asusun baƙo. Wato tunaninmu na a canzo sefa a Wapa ko a bakin boda, a shiga banki a zuba, babu shi. Kuɗin sai dai ya shigo ta hanyar banki daga waje. Sefa an ɗaure ta da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi, saboda haka wanda yake da asusun kuɗin waje a nan gida zai tura yuro, ko dalar Amurka a juya, ta sauka can a sefa bayan an cire kamasho. Wani Alhaji ya ce to ashe kuɗin da zai je Maraɗi daga Kano sai ya biya ta Turai? Aka ce masa ƙwarai kuwa. Layin dogon da ake shimfiɗawa tsakanin garuruwan biyu kilomita 284 ne, amma kuɗinmu sai ya tsallaka teku ya dawo.

Washegari da safe muka shiga banki, dattijon yana gaba. Takardun duk da Faransanci suke, ma'aikacin da ya karɓe mu ya yi haƙuri da mu yana fassarawa layi-layi. Sun nemi fasfo mai rai, hotuna, shaidar inda mutum yake zaune a Najeriya, shaidar sana'a, da bayanin shiga da fitar kuɗi na bankinsa na gida. Tambayoyi sun yi yawa: me kake saya, wajen wa, nawa kake juyawa a shekara, ina ka samo jarin. Wasu sun so su ji haushi. Na ce musu a yi haƙuri, lokacin Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram ta sa wa ido tun Fabrairun 2023, kuma bankuna da yawa suna ƙara tsananta bincike ga mai fasfon ƙasar da ke wannan jeri. Sai a Oktoban 2025 aka cire mu.

Mutum 3 takardunsu suka cika, aka karɓa, kuma bayan 'yan makonni aka kira su cewa asusu ya buɗe, aka ba kowa takardar lambar asusunsa. An zaɓi asusun kasuwanci ne da gangan, domin na ajiya ana zuba masa ruwa, kuma malamanmu sun riga sun yi magana a kan wannan. Gwajin farko Mataimakin Shugaba ne ya yi shi. Ya tura yuro daga nan, aka yi kwanaki ana zullumi, yana kira na safe da yamma kamar ni na riƙe kuɗin. Ranar da suka sauka, ya rubuta wa mai ayarsa caki, mai aya ya je ya karɓa, mota ta taso. Babu wanda ya ɗaura kuɗi a ƙugu, babu wanda ya kwana da fargabar hanya. Da motar ta iso kasuwa mun taru mun yi addu'a, Shugaba har da ƙwalla. Wannan rana ita ta mantar da ni wahalar shekarar nan, ko da na yini ɗaya ne. Muna godiya ga mai masaukinmu da amininsa, kuma ina ba da shawarar ƙungiya ta aika musu turmin shadda kowanne, idan an samu abin saya.

Sauran mutum 4 kuwa haka suka dawo. Ɗaya fasfonsa ya mutu tun bara bai duba ba. Ɗaya rubutun sunansa a fasfo daban, a takardar banki daban. Ɗaya takardar kuɗin wutar da ya kawo sunan mai gidan hayarsa ne a jiki. Na huɗun katin zaɓe ya riƙo. Duk waɗannan na rubuta su na karanta a taro sau biyu kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da bai kammalu ba

Asusun ƙungiya na bai ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da taro ya umarta, ba a buɗe shi ba. Na ji ana cewa sakatare ya yi sakaci, har wani ya ce mun buɗe wa kanmu mun bar jama'a. Ni dai ba na cikin mutum ukun nan, kowa ya sani. Ga dalilai. Banki yana son takardar rajistarmu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, da tsarin mulkin ƙungiya, da takardar zaman da aka amince da masu sa hannu, da fasfon kowane amintacce, kuma a juya su zuwa Faransanci a wajen tafinta mai hatimi wanda hukuma ta yarda da shi. Da muka je ciro takardunmu sai muka tarar ana bin mu rahoton shekara-shekara na CAC, da tararsa, tun kafin wannan kwamiti ya hau. Ban faɗi haka don in taɓa na baya ba, amma gadonsa muka yi. Cikin amintattunmu ɗaya ya rasu, ba a maye gurbinsa a takarda ba. Lauya ya faɗi kuɗinsa, tafinta ya faɗi nasa. Abin da ke hannun Ma'aji ko na lauyan bai kai ba. To da me za a yi?

Akwai kuma hanya ta biyu da tsohon ma'aikacin bankin ya nuna mana, wadda a ganina ita ta fi dacewa da irin cinikinmu. A yi wa kamfani rajista a can Nijar, a samu lambar rajistar kasuwanci da suke kira RCCM da lambar haraji ta NIF. Kamfanin da aka yi wa rajista a can ɗan gari ne a idon doka, asusunsa yana karɓar tsabar sefa. Sai dai yana zuwa da nauyinsa: adireshi a can, haraji duk shekara, da mai riƙe littafi. An kafa kwamitin mutum biyar ya duba. Sau ɗaya suka zauna, mutum biyu suka zo. Ba zan ce komai ba.

Rufin ofis yana nan yadda damina ta bar shi. Asusun tallafin iyalan mamata bai motsa ba, ban da abin da Hajiyoyi suka haɗa da kansu, Allah ya saka musu.

Ga 'yan'uwan da ba a gani

Akwai mambobin da sai ranar da kwastan ta riƙe musu mota suke tuna suna da ƙungiya. Ranar za ka ga kira goma kafin asuba, ana cewa Malam sakatare a taimaka da takarda mai hatimi. Tun da labarin cakin nan ya bazu, mutane da yawa sun same ni a gefe suna so a sa sunansu a tafiya ta gaba, cikinsu har da waɗanda suka ce a taro wannan aikin ɓata lokaci ne, 'yan canji sun ishe mu. Ban hana kowa zuwa wajen ɗan canjinsa ba, ni ma ina zuwa. Ina dai tunatar da masu ɗaukar tsaba cewa dokar Najeriya ta ce duk abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinsa sai an bayyana shi ga kwastan a bakin iyaka, kuma idan aka kama mutum bai bayyana ba, hatimin ƙungiya ba zai fitar da shi ba.

Kwamiti ya tsayar da cewa za a sake tafiya bayan azumi. Mai so ya kawo mini kwafin fasfonsa, da takardar shaidar adireshi mai ɗauke da sunansa, da bayanin asusunsa na wata shida, in duba da idona kafin a rubuta shi. Wanda ba shi da asusun kuɗin waje a gida ya fara buɗe wannan tukuna, in ba haka ba zai buɗe na Maraɗi ya rasa ta inda zai zuba masa kuɗi. Sannan sai ya nuna rasit ɗin Ma'aji na 2025 cikakke. Shugaba ya amince cewa wanda ake bi ko na wata ɗaya ne ba zai shiga motar ba.

Wa'adina yana ƙarewa a zaɓe mai zuwa. Littafin taro, hatimi da makullin ofis suna nan a shirye ga wanda za a zaɓa.

Wassalam.

Sakatare