Wasiƙa daga Nima a kan littafin dodannin teku

Nima, Accra.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali a can Kano, ina sanar da kai cewa littafin da ka aiko ya iso hannuna, na karance shi daga bango zuwa bango, kuma tun da ka ce kada in yi maka kara wajen faɗin ra'ayina, to ga shi.

Rabin farko na littafin ya kama ni ƙwarai, domin marubucin ya yi haƙurin ɓoye dodonsa. Abin da ya ba mu kawai shi ne jirgin bincike a tsakiyar tekun Pasifik, da wani sauti da na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa take ɗaukowa kowane dare, da igiyar ƙarfe da aka zura lafiya ƙalau aka jawo ta a tsinke. Sai ya jingina wannan da abubuwan da suke gaskiya ne game da teku, wato hasken rana yana dusashewa bayan mita 200, daga mita 1,000 kuma babu komai sai duhu, nauyin ruwa kuwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya a kowace mita 10. Idan mutum ya tuna cewa Ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a teku, ya kusa mita 11,000, kuma sai a 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka fara isa ƙasansa, inda suka yi kimanin minti 20 kawai, ba zai yi saurin ƙaryata duk abin da aka ce yana zaune a can ba. Ko ƙatuwar halittar nan marar ƙashi mai hannaye goma, wadda idonta ya kai faɗin faranti, kuma ake jin ita ce asalin labaran dodon teku Kraken na matuƙan jirgin ruwan Norwe, sai a 2004 masu bincike na Japan suka sami ɗaukar hotonta da rai a mazauninta.

Inda littafin ya fara sanyi a wajena shi ne ranar da dodon ya fito sarari. Marubucin ya shiga ƙirga mana haƙoransa da tsawon wutsiyarsa, ya kawo wani masani ya yi shafuka yana bayanin sinadarin da ya haife shi, daga nan kuma sai sojoji da bama-bamai. Tsoron da ya hana ni barci a farko ya zama kallon dambe, ina jiran in ga wanda zai kayar da wani, alhali na riga na san amsar.

Na san za ka ce ai dole mai karatu ya ga abin da aka yi ta ja masa rai a kansa. Amma ka dubi labarin rijiyar Kusugu ta Daura. Abin da ya tsaya a zukatan mutane game da macijin nan shi ne ya hana gari guda ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wato ya mallaki kwanakin jama'a da ƙishirwarsu, kuma masu ba da labarin ba su cika ɓata lokaci wajen siffanta jikinsa ba. A nan Accra ma, duk wanda ya je bakin ruwa a Jamestown ko Chorkor ranar Talata zai tarar da kwale-kwale a jere bisa yashi, domin bisa al'adar masuntan ƙabilar Ga ba a shiga teku a ranar. Ni da kai ba mu ɗauki abin da suke danganta hanin da shi ba, Allah shi ne mai teku da abin da ke cikinta, amma akwai kwarjini a cikin wannan al'ada wanda ban samu ba a duk surorin ƙarshe na littafin.

Wannan ya kai ni ga babban ƙorafina, wato rashin mutanen tudu. Waɗanda suka mutu a cikin jirgin nan kamar ba su da uwa ba su da mata, ana cinye su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an bar kowa da takaba ba. Da marubucin ya taɓa ganin matan Chorkor masu banda kifi suna duban ruwa da la'asar sakaliya a ranar da kwale-kwale ya yi jinkirin dawowa, da ya ba su ko da sura guda, kuma ina jin da ita za ta fi kowace sura nauyi.

Duk da haka ban yi da-na-sanin karanta shi ba, kuma sura ta ɓacewar mai ninƙayan farko ta isa a sake karanta ta. Ina so ka rubuto mini yadda kai da kake nesa da teku ka ji rabin ƙarshen, domin wataƙila kusancina da ruwan ne ya sa na tsananta masa hukunci.

Ka miƙa gaisuwata ga Hajiya da yara. Wassalam.

Naka,
Amininka na Nima