Kafin a yi wa gidan filasta

Zuwa ga ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mahaifiyarka ta ce ginin Rijiyar Zaki ya kai rufi, kuma wani mai sayar da kayan tsaro ya kawo maka lissafin na'urar ƙararrawa, kana ta jinjina ko ka sa ko ka bari. Na ga gara in rubuto, don maganar tana da lissafi, a waya kuwa rabinta iska za ta kwashe. Shawarata ita ce ka sa, amma ƙarama, mai waya a cikin bango, kuma kada kuɗinta ya fito daga kuɗin ƙofa.

Ƙararrawa ba ta tare kowa, ihu kawai take yi, ta rage wa ɓarawo lokaci. Irin wadda ake sayarwa a kasuwa ba ta san ofishin 'yan sanda ba, lambobin da ka zuba mata kaɗai za ta kira. Saboda haka abu biyu ne ke sa ta yi amfani: ƙofar da za ta jinkirta mai shigowa, da mutanen da za su amsa ihun. Idan babu waɗannan, ka sayi abin tayar da yara daga barci ne kawai.

Ƙofa tukuna. Ƙyauren ƙarfe mai kauri ba ya hana komai idan firam ɗinsa a maƙale yake da kusoshi. A yi masa ƙafafu 3 a kowane gefe, a dasa su cikin kankare, hinjis su kasance ta ciki, sakata 2, sama da ƙasa. Ka hau ka duba bangon da ya raba baranda da ɗakuna: ya kai har jikin kwano, kada ya tsaya a daidai silin, don mai ɗaga kwano ta nan yake bi ya diro falo ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfen taga kuma, ka sa mai walda ya bar aƙalla guda ɗaya a ɓangaren ɗakunan kwana wanda ake buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye inda kowa ya sani. Gidan da ɓarawo ba zai iya shiga ba, idan gobara ta tashi mutanensa ma ba za su iya fita ba.

To, ita na'urar. Gida mai ɗaki 3 da falo ba ya buƙatar tarkace. Akwatin sarrafawa 1 mai shiyya 8, wato ɓangarori 8 da yake tsarewa kowanne daban, wanda ake sa masa layin waya. Madannin lambobi 1 kusa da ƙofar shiga. Maganaɗisun ƙofa, mai gane an buɗe ƙyaure, a kan kowace ƙofar da ke fita waje, wato ta falo, ta kicin, da ta baya. Na'urar jin motsi 2 ko 3. Jiniya 2, ta ciki da ta waje. Maɓallin neman agaji 1 a gefen gado. Iyakar kenan. Duk abin da mai sayarwa ya ƙara a kan wannan, ka tambaye shi wace ƙofa yake tsarewa.

Dalilin da ya sa nake so ka yi sauri kafin filasta shi ne wayar da za a binne a bango. Ƙararrawa marar waya ta fi sauƙin sawa, amma kowane ɗan ƙaramin abu nata da batirinsa, shekara 1 zuwa 2 sai canji, kuma siginarta tana wahala wajen ratsa rufin kankare, rodi da ƙofofin ƙarfe irin na gidajenmu. Tunda bangonka a buɗe yake, ka sa a binne fayif mai milimita 20 zuwa kowace ƙofa da kowace kusurwa. Maganaɗisun ƙofa waya mai sili 2 yake buƙata, na'urar jin motsi sili 4, amma ka ja mai sili 6 ko'ina, saura ya zama ajiya. Kada wayar ƙararrawa ta kwana a fayif ɗaya da wayar lantarki. Wadda za ta bi ta cikin silin ma a sa ta a fayif, saboda ɓera.

Akwai wani ɗan abu da masu haɗawa suke yi don sauƙi, ka sa ido a kai. Kowace shiyya tana zuwa da ɗan ƙaramin resisto, wanda wurinsa can ƙarshen waya ne, a cikin na'urar da ke jikin ƙofa. Da shi akwati yake gane cewa an haɗe wayar a hanya don a rufe masa ido. Mai gaggawa sai ya ɗaure shi a cikin akwatin kanta, komai ya yi kamar yana aiki, alhali an kashe wannan kariya. Ka ce ya buɗe ya nuna maka. Shi akwatin kuma a ɓoye shi a sito ko cikin ɗakinka. Wanda aka kafa a bakin ƙofa, guduma ɗaya ta ishe shi kafin ya kira kowa.

Maganaɗisun ƙofa gida biyu ne, ɗaya a ƙyaure ɗaya a firam, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 1 idan an rufe. Ƙarfe yana shanye ƙarfin maganaɗisu, don haka a ƙofar ƙarfe a sa babba, irin wanda aka yi don ita, ko a sa roba a ƙarƙashinsa. Ƙofar da take girgiza idan iskar hadari ta taso, a gyara ta kafin a ɗaura mata komai.

Na'urar jin motsi ita ce mai rigima, kuma ita ce dalilin da ya sa gidaje da yawa suka kashe ƙararrawarsu suka huta. Ba motsi take gani ba, ɗumin jiki take ji yana gilmawa ta gabanta. Ana kafa ta a kusurwa, tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, tana kaiwa kamar mita 10 zuwa 12, kuma ta fi kama wanda ya ratsa ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Kada ta kalli taga da rana ke faɗowa, ko labulen da fanka ke kaɗawa, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki. Tsaka ɗaya idan ta bi ta kan idonta ta isa ta tashi unguwa, haka gizo-gizo idan ya shiga ciki, don haka a toshe ramin da waya ta shiga. Idan akwai mage a gidan, akwai irin da ba ta kula ƙananan dabbobi. A hunturu ƙura takan rufe mata ido, sai a riƙa gogewa da busasshen ƙyalle duk wata. A bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano ke haura digiri 40, bango da jikin mutum sukan yi kusan ɗumi ɗaya, sai ganinta ya ragu. Shi ya sa ba a dogara da ita kaɗai, maganaɗisun ƙofa ba ruwansa da zafi.

A tsakar gida kada ka sa ta. Kaji, akuyar layya, shanyar da iska ke kaɗawa, duk za su ta da ita. Fitilar sola mai kunna kanta idan an gilma ta fi dacewa da waje. Na'urorin da ke harba haske a kan katanga don gane mai tsallakowa suna aiki, amma sai an daidaita su sosai, kuma reshen darbejiya ko ruwa mai ƙarfi yakan sa su ƙarya. Ka bar su sai gaba. Ka sani, jiniyar da ta yi ƙarya sau uku, a na huɗu maƙwabci juyawa kawai zai yi ya gyara bargo.

Sai wuta, wadda ita ce ainihin jarrabawar. Akwatin yana zuwa da batir mai bolt 12, amfiya-awa 7. Idan duk kayan suna jan kamar kashi ɗaya cikin uku na amfiya, a takarda zai kai awa 20, a zahiri ka ƙaddara awa 12 zuwa 15 yana sabo. An yi wannan batir ne don ƙasar da wuta ke ɗaukewa jefi-jefi. A nan da zai riƙa ƙarewa yana cika kullum, ga zafi, ba ya daɗewa. Don haka ka haɗa akwatin da layin inbata ko sola na gidan, batirinsa ya zama na ko-ta-kwana. Abin da yake ci bai kai na ƙwan fitila ɗaya ba. Ka rubuta ranar da aka sa batirin a jikinsa, ka canza shi duk shekara 2, ko da bai nuna gajiya ba. A sa masa abin kariya daga wuta mai ƙarfi, don dawowar NEPA da tsawar damina su ne ke ƙona irin waɗannan akwatuna. Jiniyar waje ta kasance mai batirin kanta, a sama da mita 3, yadda ko an yanke wayarta za ta yi kuka. A saita ta ta yi shiru bayan minti 3 zuwa 5, saboda haƙƙin maƙwabta.

Layin wayar da ke ciki ma yakan mutu shiru. Ka yi masa rajista da sunanka da lambar NIN ɗinka, ba da sunan mai haɗawa ba. Ka zaɓi kamfanin da ya fi ƙarfi a ɗakin da akwatin yake, ka gwada a wurin. Kati yana ƙarewa, layin da ya daɗe ba a mora ba kuma rufe shi ake yi. Ranar 1 ga kowane wata ka kunna na'urar, ka buɗe ƙofar baya da gangan, ka ga ko wayarka ta yi ƙara. Ka sanar da maƙwabta kafin gwajin.

Kyamara kuwa, na san mai sayarwa zai matsa maka. Tana da amfaninta, musamman a get, don maiɗakinka ta ga mai ƙwanƙwasawa kafin ta buɗe. Amma kyamara 4 da akwatin naɗarsu sukan ci wajen kilowat-awa 1 a kwana, kuma yawanci ihu bayan hari ce: za ka zauna kana kallon mutum da rawani a fuska yana fita da talabijin ɗinka. Idan kuɗi bai kai duka biyu ba, ƙararrawa ce gaba. Kuma kada a saita kyamara tana leƙa tsakar gidan maƙwabci.

Da an gama aiki, kafin mai haɗawa ya fita, ka canza lambobin sirri duka biyu, taka da tasa. Da yawa suna zuwa da 1234 ko 0000 daga kamfani, haka ake barinsu shekara da shekaru. Kowane babba a gidan a ba shi lambarsa daban, wadda za a iya gogewa idan ya bar gidan. Sai da ɗan gari akan ci gari, kuma mai haɗawa ya riga ya ga kowane lungu naka, don haka ka ɗauki mai shago tsayayye wanda wani da ka sani ya yi aiki da shi. Ka zaga Sabon Gari ka ji farashi a wuri 3, a rubuta maka sunan kowane kaya da adadinsa. Ka koya wa iyali saiti biyu: na fita, wanda ke kunna komai ya ba ka kamar daƙiƙa 30 ka fice, da na dare, wanda ke tsare ƙofofi kaɗai, yadda mai tashi alwalar asuba ba zai tayar da layi ba.

Tunda akwatin yana da sauran shiyyoyi, ka sa na'urar jin hayaƙi a silin ɗin hanyar ɗakuna, da ta jin gas a kicin. Ta gas a ƙasa ake sa ta, kamar santimita 30 daga daɓe, don gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ni a wurina waɗannan biyun sun kai duk sauran daraja.

Saura masu amsawa. Kafin ku tare, ka je ka gaida mai unguwa, ka san shugaban 'yan sintiri, ka riƙa biyan kuɗin wata ba sai an biyo ka ba. Lambobin da akwatin zai kira su zama taka, ta maƙwabci 1 ko 2 da suka yarda, da ta 'yan sintiri. Lambar DPO na yankin da 112 su kasance a wayarka da ta maiɗakinka. Idan jiniya ta tashi da dare, kada ka buɗe ƙofa ka fita dubawa. Ka tara iyali a ɗaki ɗaya mai sakata, ka duba madanni ka ga wace shiyya ce ta tashi, ka kunna fitilun waje, ka buga waya. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, sun riga sun shigo da makami, ka ba su abin da suka nema. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma, kada ka bari a taru a kansa a ƙofar gidanka.

Ka turo mini lissafin da mutumin ya ba ka in duba, kuma ka ce wa magini ya dakata da filastar falo da kicin har a binne fayif. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a kawo mata yaran ranar Juma'a.

Allah Ya tsare, Ya sa a shiga a sa'a. Wassalam.

Mahaifinka.