Gwaji a Kan Birai Bai Zama Magani Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan gwajin allurar rigakafin ƙanjamau a jikin birai, irin wadda ake ɗora wani ɓangare na ƙwayar cutar a kan wata ƙwayar cuta daban da aka raunana, ita ta kai shi cikin jiki. Washegari a teburin mai shayi a Gwammaja na ji wani yana rantsuwa wai an samo magani, har yana cewa maƙwabcinsa ya huta da shan ƙwayoyin maganin ƙanjamau.

Biran nan ba sa kamuwa da HIV tamu; da danginta, irin su SIV, ake jarraba su. An taɓa samun allura irin wannan da ta kare birai, amma da aka gwada ta a kan mata a kudancin Afirka sai aka dakatar a 2021, domin kariyar ba ta kai ba. A Kano kuwa, da har yau ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, labarin da aka zuzuta shakkar allura kawai yake ƙarawa.

Ina roƙon ku riƙa sa kalmar "birai" tun a kanun labari, ku kuma ji ta bakin likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kafin bugawa.

Mai karatu,
Gwammaja, Kano