Wasiƙa zuwa ga 'yata mai jego a Marwa

Assalamu alaikum 'yata. Barka da arziki. Allah ya raya mana yaron nan, ke kuma ya ba ki lafiya.

Gwaggonki ta dawo Garwa jiya, ta ce kwana biyar ke nan da yi miki aiki amma ba abin da kike sa wa cikinki sai shayi da burodi, wai kina tsoron ɗinki ya farke. Wallahi ban runtsa ba.

'Yata, abinci ba ya farke ɗinki. Ranar farko da aka ce ki fara da ruwa, sannan kunu mai ruwa-ruwa, don hanji yakan yi sanyi bayan tiyata ne, sai ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya dawo daidai. Wannan ya wuce. Yayarki da ta haihu da kanta, da yamma ta zauna ta ci tuwo, amma ke kin ma fi ta bukatar ci. Mai haihuwa da kanta takan zubar da jini har wajen rabin lita, wadda aka yi wa aiki kuwa yakan kai kusan lita 1. Ga yanka a fata da mahaifa yana jiran ya haɗe, ga jariri yana tsotso dare da rana. Da me jiki zai yi duk wannan?

Ki ci hanta, ƙwai, wake, da kifin Maga da ake kawowa kasuwarku. A yi miki miyar zogale da ta yakuwa. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Shayin nan ki raba shi da lokacin cin abinci, yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini. Ƙwayoyin ƙarin jini ki ci gaba da sha har arba'in ko fiye, kada baƙin bayan gida ya tsorata ki. Abin gudu shi ne taurin bayan gida, don yunƙurin ne zai azabtar da wurin. Gwanda, miyar kuɓewa, ruwa da yawa, da ɗan tattaki a tsakar gida.

Sai kunun kanwa. Na san surukarki Hajiya za ta dama miki, da zuciya ɗaya kuma. Ni ma na sha a duk haihuwata. Bayan haihuwar ƙanenki ƙafafuna suka kumbura, ko shara na yi sai haki, muka ce jego ne. Ashe tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yadda kunun kanwa da wankan ruwan zafi ke tafiya da ciwon zuciya a masu jego. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Ke kuwa hawan jini ne ya kai ki ɗakin tiyata. Kada ki sha, ko kofi ɗaya. Gishiri da dunƙulen miya ma a sassauta. Kada ki yi musu da Hajiya. Ki sa maigidanki ya faɗa mata cikin ladabi, a dama miki na gyaɗa ko na tsamiya.

In kika ga kumburi, ko haki, ko ciwon kai mai tsanani, ku tafi asibiti a ranar.

Na ba direban da zai taso jibi gyaɗa da busasshen zogale da yaji marar kanwa. Ni kuma ina tafe ranar Asabar in Allah ya yarda. Ki gaishe min da Hajiya.

Innarki