A ga motar gazuwal da sanyin safiya kafin a biya kuɗinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da magidanta ƴan'uwana na Damagaram da kewaye, musamman masu tarin kuɗi don sayen motar iyali ta hannu mai shan gazuwal. A wata biyun nan mutum uku suka zo neman shawarata saboda sun san abin da ya same ni, sai na ga gara in faɗa wa kowa gaba ɗaya.

Shekara uku ke nan, cikin hunturu, wani dillali ya kira ni da la'asar in zo in ga mota. Na tarar an riga an tada ta, injin an wanke shi fes, yana aiki lami lafiya. Muka zaga daga Zango zuwa Birni muka dawo, na biya, na ba da la'ada. Washegari da safe na ɗebi yara zan kai su makaranta, na murza makulli har batir ya kusa mutuwa kafin ta kama, tana karkarwa, tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. Kafin shekara ta zagayo na kashe kusan sulusin kuɗin motar a gareji, kuma kuɗin nan daga bakin iyalina na cire su.

Injin gazuwal ba ya da tartsatsin wuta irin na esansi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa. In injin ya gaji, matsin ya ragu, to da sanyi ne kawai zai tona kansa. Da ya ɗumi sai ya ɓoye ciwonsa. Don haka ka ce wa mai motar za ka zo bayan sallar asuba, kuma kada a taɓa ta kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, ka ce sai gobe. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wani lokaci matsalar ƙarama ce, bujin da ke ɗuma injin ne suka ƙone, kuma sauya su ba ya cin kuɗi sosai. Amma mai gyara ne zai raba maka ƙaramar da babbar, shi ya sa ake zuwa da makaniki naka na kanka, wanda ba ya da rabo a cikin la'adar.

Kafin a murza makulli har ƙarshe, a tsaya a dubi fitilun gaban direba. Dole dukansu su kama, sa'an nan su mutu bayan injin ya tashi. Fitilar injin da ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ta ne don kada ta faɗi gaskiya. Bayan nan sai wani ya tsaya a baya ya kalli salansa. Baƙin hayaƙi mai yawa yana nuna man ya fi iska, ko matatar iska ta toshe da ƙurarmu, ko masu feshin mai sun lalace. Shuɗi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, daga turbo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin injin, ko daga zoben fistin. Farin da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, musamman in ruwan radiyeta yana raguwa, alamar ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba.

Akwai gwaji biyu da ba su cin ko dala. Injin yana aiki a tsaye, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka aza shi a bakin ramin. In yana rawa kaɗan ba komai. In iska ta ture shi, hayaƙi na bulbulowa, injin ya gaji. Ka juya murfin ka duba cikinsa: in ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. Haka nan a duba tulun ruwan sanyaya injin, ko yana kumfa ko mai na yawo a samansa, amma kada a buɗe shi da zafi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, motar da ke da wannan ciwo ba za ta kai ka Gure lafiya ba. A tambaya kuma ko fankar radiyeta tana tashi da kanta, domin na sha ganin an haɗa ta kai tsaye don a rufe matsalar zafi.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne bambancin tsofaffin injuna da na yanzu. Da yawanmu muna da yaƙinin cewa gazuwal ba ya mutuwa, saboda mun ga Peugeot 504 da Mercedes 190 da tsofaffin Hilux sun yi shekaru suna bin burji. Waɗannan famfonsu na tura mai na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta, kowane gareji yana iya kwance su. Motocin da ke ɗauke da haruffa irin HDi, dCi, CDI ko D-4D a bayansu wata halitta ce daban. Suna tura mai da matsin da ke kai bar 1600 zuwa 2000 (bar ma'aunin matsi ne), alhali tayar motarka bar 2 da ɗan abu take ɗauka. Masu feshin man, waɗanda makanikanmu ke kira anjektar, Kanawa kuma su ce nozul, ramukansu ba su wuce kaurin silin gashi ba sai kaɗan. Ɗigon ruwa ko ƙwayar rairayi daga jarkar bakin hanya sun isa su ɓata su. Kamfanin tace mai na SORAZ yana nan kan hanyar Tanut tun 2011, man gidan mai yana kusa da mu, amma ba ka san abin da mai motar na farko ya riƙa zuba mata ba. A sa makaniki ya kwance matatar gazuwal ya tsiyaye ta cikin kwalba mai haske. In ruwa ya kwanta a ƙasa, ko ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ka bar motar nan ko da an rage maka rabi, domin famfon ne ya fara cin kansa.

Sai matatar hayaƙi, wadda ake kira FAP. Tun da dokar rage hayaƙin mota ta Euro 5 ta hau kan dukan sababbin motoci a Turai a 2011, kusan kowace motar gazuwal da ita take fitowa. Tana tara baƙin toka, sai ta ƙone shi da zafin da ya kai kimanin digiri 600, kuma hakan yana bukatar doguwar tafiya a kan kwalta. Ni kuwa zirga-zirgata daga gida zuwa makarantar yara, zuwa aiki, zuwa kasuwar Dole, ba ta isa injin ya yi zafin kirki ba. Matatar ta toshe, ƙarfin mota ya tafi, gazuwal ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. A zaro sandar awon mai: in ya haura alamar sama, yana warin gazuwal, ga amsarka nan. Wanda tafiyarsa ta cikin gari ce kawai, a ganina motar esansi ta fi masa kwanciyar hankali. Gazuwal na mai bin hanyar Yamai ne ko Kano ko Agadas a kai a kai.

Kada a yarda da gwajin zagaye ɗaya cikin unguwa. A kai ta Mirya a dawo, a taka ta sosai, a saurari turbo ko yana kuka, a ji ko kulochi na zamewa ko yana kaɗawa lokacin tashi. In da hali a jona mata na'urar bincike ta karanta abin da kwamfutarta ta adana. Lambar kilomita kuwa ana mayar da ita baya; sitiyari da feda da kujerar direba sun fi ta gaskiya. Igiyar da ke daidaita tafiyar injin, in babu shaidar ranar da aka sauya ta, a lissafa kuɗin sabuwa cikin ciniki a sauya nan take, don in ta tsinke fistin da bawul ne za su yi karo. In daga Turai ta zo, a leƙa ƙarƙashi saboda tsatsar gishirin da ake zuba wa hanyoyin Turai da sanyi. Lambar shasi mai harafi 17 ta zo daidai da ta takardun mota da na duwan, harafi da harafi.

Malam Edita, roƙona shi ne ku aika wakilinku garejin garin nan ya zauna da tsofaffin masu gyaran famfo da anjektar, su faɗa wa jama'a da Hausa irin injunan da ake samun kayansu a Damagaram da waɗanda sai an aika Kano ko Yamai a jira. Ni motata ta taɓa yin kwana goma sha tara a gareji tana jiran anjektar guda ɗaya, yarana suna tafiya makaranta a kan kabu-kabu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
wani magidanci mai karanta ku daga unguwar Garin Malam, Damagaram